Amsar tambayarka kan fim ɗin Jamus ɗin nan

Wa alaikumus salam yarona, saƙonka ya shigo tun jiya, aiki ne ya sha min kai. Ka ce ka kalli SMS für Dich da na ce ka nema, abin da ya ɗaure maka kai shi ne ta yaya za a kira shi fim ɗin soyayya da barkwanci alhali tun farkonsa mutuwa aka yi, sannan kai ga naka sin ɗin da kake editin, wanda saurayi ya turo wa yarinya saƙo cewa ya fasa, in ka bar barkwancin ƙawarta sai kukan ya lalace, in ka cire kuma sai sin ɗin ya yi nauyi ba ya kalluwa. To naji daɗin tambayar nan wallahi, ka fara kallon fim da idon edita ke nan.

Fim ɗin na 2016 ne, Karoline Herfurth ce jarumar kuma ita ce darakta, shi ne ma na farko da ta ba da umarni, daga littafin Sofie Cramer aka ɗauko labarin. Clara mai zanen littafan yara ce, Ben da za ta aura ya rasu a hatsarin mota, shekara 2 ta kasa dawowa daidai, sai ta fara tura saƙo zuwa tsohon layinsa don ta rage abin da ke cinta, ba ta san an riga an ba wani lambar ba, Mark, ɗan jaridar wasanni a Berlin. Irin dai yadda layi ke komawa hannun wani a nan in ya daɗe ba a amfani da shi.

Yanzu ka koma ka sake kallo ka lura da abu ɗaya, su wa ake yi wa dariya? Ba a sa ka yi wa ciwon Clara dariya ba. Dariyar daga gefe take zuwa, daga Katja ƙawarta da Nora Tschirner ta fito, mai baki ba birki, daga mawaƙiyar nan Henriette Boot da Katja Riemann ta fito, sai shi Mark ɗin da yake ta kame-kame ya kamu da son wadda bai taɓa gani ba. Ita mai baƙin cikin an bar mata baƙin cikinta cikakke, shi ya sa in dariyar ta zo ba ka jin an ci amanarta.

Na buɗe abin da ka turo min, barkwancin ƙawar ba shi da laifi ko kaɗan, wurin yankanka ne. Yarinya tana gama karanta saƙon, wayar ba ta ma gama sauka kan cinyarta ba ka yanke zuwa fuskar ƙawa, haba, yaushe mai kallo ya ji zafin? Ka bar kulosof ɗinta, wato hoton fuskarta daga kusa, ya zauna. A taimlayin ɗinka, wato inda kake jera hotunan a kwamfuta, firem (hoto ɗaya-ɗaya) 25 ne sakan ɗaya, ƙara mata kamar firem 50 ka gani, in ya yi yawa ka dinga ragewa biyar biyar har sai ka ji ya zauna maka a ƙirji, don babu wata lamba da zan ba ka ka haddace, kowace fuska da nata. In shot ɗin, wato guntun ɗaukar, ya gaza ka duba jelarsa, sau da yawa jaruma tana nan cikin yanayin kafin darakta ya ce kat, a nan ake samun abin da ya fi na tsakiyar kyau.

Sannan kar ka kawo ƙawar hoto da murya lokaci ɗaya. Ja muryarta baya ta shigo ƙarƙashin fuskar mai kukan, mu fara jin ta tukuna, kamar yadda ake jin sallamar baƙo kafin ya ɗaga labule. In ta gama faɗin abin dariyar kuma ka dawo kan yarinyar da sauri, don dariyar ba a fuskar mai faɗa take ba, tana fuskar wadda aka faɗa wa. Akwai tek na uku, wato ɗauka ta uku, da na gani inda bakinta ya ɗan motsa tana son dannewa ga hawaye bai bushe ba, wannan za ka ɗauka, in ita ta ɗan saki to mai kallo ma ya samu izini.

Fiyanon nan da ka shimfiɗa tun daga farkon sin zuwa ƙarshe, cire shi. Kana faɗa wa mutane su yi kuka tun kafin su san me ya faru. Amma kar ka bar wurin fayau babu sauti, kunne zai ɗauka fayil ne ya lalace, sa ƙarar ɗakin, fanka, janareton maƙwabta can nesa, ka tambayi mai ɗaukar sauti ko ya ɗauki ko minti ɗaya a lokeshan.

Batun rubutun waya shi ma ka gyara, fim irin na Clara rabinsa a kan saƙo yake tafiya, in ba a iya karantawa ba an gama. Naka ya yi ƙanana kuma ya wuce da wuri, ka tuna yawancin masu kallonmu a YouTube suke gani a waya. Ƙara girmansa, ka karanta shi a fili a hankali, in ka kai ƙarshe ka ƙara numfashi ɗaya sannan ka yanke.

Amurkawa sun maimaita labarin a 2023 da suna Love Again, Priyanka Chopra da Sam Heughan da Celine Dion, suka mai da shi New York. Nemo shi ka ajiye su gefe da gefe, ka ɗauki wurin da ta fara tura saƙon a kowanne, kashe sauti, ka rubuta sakan nawa kowane shot ya yi. Ni na Jamus ɗin ya fi kwanta min a rai, amma so nake ka gani da idonka. Kuma ka san dai akwai abubuwa a cikinsu da ba namu ba ne, ba za su wuce hukumar tace fina-finai ba, mu ma ba za mu yi ba, yankan kawai na tura ka koya.

Kar ka yi eksfot, wato fitar da kammalallen bidiyon, tukuna. Haɗa sin ɗin kala biyu, ɗaya yadda yake yanzu ɗaya yadda na faɗa maka, ka zo da hard disk ɗin da ka ajiye aikin a ciki ofis ranar Asabar bayan la'asar mu kalla tare. Ka gaida su Baba.