Na bar Unity zan koma Godot, amma kod ɗina kullum cakuɗewa yake

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, na yi wajen shekara ɗaya ina taɓa Unity amma laftof ɗina ram 4GB ne, in na buɗe sai na gaji da jira. Yanzu so nake in koma Godot in haɗa gem ɗin dara na waya, sai dai duk abin da na fara sai ya cakuɗe min, fayil ɗaya ya kai layi 700, in na gyara nan can ya lalace. Don Allah ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, wallahi na ji daɗin tambayar nan, musamman da ka ce dara. Zaɓinka ya yi. Godot injin haɗa gem ne kamar Unity, kyauta ne gaba ɗaya, lasisin MIT gare shi wanda ya ba kowa damar amfani da shi yadda ya so, wasu 'yan Ajantina biyu Juan Linietsky da Ariel Manzur suka fara shi aka sake shi ga kowa a 2014, kuma fayil ɗaya ne ka sauke ka danna ya buɗe. Mutane da yawa sun koma kansa a 2023 lokacin da Unity suka ce za su riƙa cajin kuɗi kan kowane saukewa, duk da sun janye maganar a 2024. Ka ɗauki Godot 4, in za ka buɗe sabon aiki ka zaɓi Compatibility a wajen zaɓen yadda zai zana hoto, shi ne daidai da irin na'urarka da ƙananan wayoyi.

Abin da ka koya a Unity bai tafi a banza ba. A Godot komai nod ne, wato ƙaramin tubali mai aiki ɗaya kamar nuna hoto ko buga sauti, nod a ƙarƙashin nod kamar reshen bishiya, in ka haɗa su ka adana sun zama fage guda wanda za ka iya sakawa cikin wani fagen, kusan aikin firifab (prefab) na Unity ke nan, abin da ake haɗawa sau ɗaya a yi ta amfani da shi. C#, yaren rubuta kod na Unity, ma yana aiki, amma ni dai shawarata ka koyi GDScript, yaren Godot na kansa, yana kama da Python kuma yawancin darussan da shi ake yi.

To batun cakuɗewa, a nan ne gizo yake saƙa, kuma canza injin ba zai magance shi ba. Ka tuna yadda ake dara a gindin bishiya, gurabe 30, layi 5 kowanne da 6, kowa da 'ya'ya 12, wani da tsakuwa wani da kara, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa ɗaya. Ko a ƙasa aka tona ramukan ko a katako dokar ba ta canzawa ai. Haka za ka yi, ka buɗe fayil ɗaya na doka zalla wanda bai san hoto ba bai san sauti ba, abin da ya sani kawai wane gurbi ke da ɗa, yin waye yanzu, motsin nan ya halatta ko a'a, an jera uku ko ba a jera ba. Allon da ake gani a waya fagensa daban, aikinsa ya ce an taɓa gurbi kaza, doka ta duba, in ta amince ta aika sigina cewa ɗa ya motsa, allo ya zana, mai sauti ya buga ƙararsa. Nod na sama ya kira na ƙasa kai tsaye, na ƙasa kuma in yana da magana ya aika sigina, kar ya je yana laluben na samansa. Ranar da ka so ƙara kwamfuta a matsayin abokin wasa, da fayil ɗin dokar nan kaɗai za ta yi magana.

Sannan ka raba wasan mataki-mataki: lokacin zuba 'ya'ya, lokacin motsi, lokacin cire ɗan abokin wasa, ƙarshe. Ka riƙe matakin a wuri ɗaya, kar ka watsa shi cikin sharaɗi ashirin.

Akwai Autoload, wato nod ɗin da kowane fage ke iya kaiwa gare shi, na abin da kowa ke buƙata kamar saitin sauti, kar ka mayar da shi buhun zuba komai. Ka sa Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen kod ɗinka, tun ranar farko, ko wuta ta ɗauke ko ka ɓata wani abu kana da wajen komawa. Satin farko ka sa dokar ta yi aiki da rubutu kawai, in ta zauna sai ka zana allon, ka turo mana mu gwada.