Ratsa kebul ta ƙarƙashin titi ba tare da fasa kwalta ba

Malam, ka tambaya ko za a iya wuce da kebul ɗin lantarki ta ƙarƙashin babban titi ba a tare hanya ba. Ana yi, da injin haƙa da ake kira HDD, mai fafe rami a kwance ta ƙarƙashin ƙasa.

Kafin komai sai an gano bututun ruwa da wayoyin da ke binne, don nan ake yawan tafka ɓarna. Daga nan injin ya soka siririn rami a karkace, kamar digiri 10 zuwa 15, wani na bin kan haƙar daga sama da na'urar da ke nuna zurfinsa. In ya ɓullo a tsallake, sai a faɗaɗa ramin ya kai kusan kaurin bututun da za a saka sau ɗaya da rabi, a jawo baƙin bututun roba, kebul ya bi ta ciki.

Inda gizo ke saƙa shi ne ruwan wani yumɓu mai suna bentonait, wanda ake turawa cikin ramin don ya wanko ƙasar da aka haƙa. In matsinsa ya yi yawa ko ramin bai yi zurfi ba, sai ya tsattso ta kwalta, wani sa'in har titi ya kumbura. Kuma kebul mai zurfi ba ya saurin hucewa, shi ya sa ake ƙara masa kauri.