Amsa: Wace rauta ta dace a madadin tsohuwar?

Malam, ka ce rautar gidanka, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, ta lalace, kana neman mai sauƙin saiti wadda kuma ba ta gaza wajen aiki ba. Tunda a ƙauyukanmu na yankin Ringim wayar kebul ta intanet ba ta shigowa gidaje, ka nemi mai cin layin 4G wadda ba a kulle ta ga kamfani ɗaya ba, domin inda MTN ke kamawa, wataƙila Airtel ba ya ko motsi.

Sai ka juya bayanta ka duba: idan tana da wurin ɗaura eriyar waje, to ka dace. Ni sai da na ɗaure eriya a kan gora bisa soro kafin sabis ya zauna. Ka kuma tabbatar tana aiki da bolt 12, don batirin sola ya riƙe ta.

Wi-Fi ɗin rauta na tafiya a kan zango biyu, 2.4GHz da 5GHz. Kada maganar 5GHz ta ɗauke maka hankali; tana da sauri, amma katangar laka mai kauri tana tare ta, 2.4GHz ce ke kaiwa har zaure. Rautar kamfanin TP-Link kuma tana da manhajar Tether, wadda za ka sauya kalmar sirrin Wi-Fi da ita daga wayarka.