Ranar da ke cikin hoton waya: kotu za ta yarda da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maƙwabcina ya matso da iyakar gona, ni kuma ina da hoton da na ɗauka da wayata tun kafin a tumɓuke turakun. An ce mini hoton na ɗauke da rana da wurin da aka ɗauke shi. Wannan zai wadatar a kotu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa maka, malam. Duk lokacin da waya ta ɗauki hoto tana rubuta wasu bayanai a cikinsa waɗanda ba a gani a fuskar hoton, ana kiransu EXIF: samfurin wayar, rana da lokaci, da inda kake tsaye in GPS a kunne yake. Irin wannan bayanin ne ya tona asirin John McAfee, wanda ya kafa kamfanin manhajar kare kwamfuta na McAfee, a 2012, yana ɓuya a Gwatamala, da 'yan jarida suka wallafa hotonsa ba su goge wurin ba.

Sai dai kada ka dogara da shi shi kaɗai. Ranar daga agogon wayar take fitowa, agogon kuwa kowa na iya mayar da shi baya. Ga kuma manhajoji na kyauta, irin su ExifTool, da ke sauya rana da wuri nan take. Lauyan abokin shari'arka ya san wannan sarai. Shi kansa GPS ɗin waya yakan kauce da 'yan mitoci, kuma inda mai ɗauka ya tsaya yake nunawa, ba inda turke yake ba. A rigimar da ake yi kan kunya biyu ko uku, wannan kaucewar ba ƙarama ba ce.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda mutane ke ɓata hujjarsu da hannunsu. Mutum ya tura hoton ta WhatsApp, ya goge na asali don wayar ta cika, alhali WhatsApp da Facebook suna cire waɗannan bayanai idan an tura shi a matsayin hoto. Don Allah ka adana wayar, kada ka gyara hoton, kada ka yanke gefensa.

A babbar kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ne ke aiki: sai an nuna na'urar tana aiki daidai lokacin da ta samar da hoton, a haɗa da takardar shaida mai sa hannu. A shari'ar Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta ƙi takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan sashen ba. Karɓar hoto kuma daban, nauyin da alƙali zai ba shi daban. In ƙarar a kotun yanki take, dokar ba ta ɗaure ta kai tsaye a shari'ar da ba ta laifi ba, sai ka tambayi lauyanka tun da wuri.

Ka duba hoton da kyau: akwai bishiya, rijiya ko suri da har yanzu suke nan? Su za a auna a gwada da inda iyakar take yau. Ka kuma nemi mai unguwa da dattawan da suka san iyakar tun zamanin mahaifinka.