Amsoshin Tambayoyinku: Rogo, Dankali da Rizga

Wata uwa daga Tudun Wada ta rubuto cikin damuwa cewa ɗanta ya kama amai da jiri bayan ya ci dafaffen rogon da ta sayo da araha, tana tambaya ko ta daina sayen rogo ke nan.

Malama, Allah ya ba yaron lafiya, kuma idan jirin bai sake shi ba, ki kai shi asibiti yau, kada ki bari sai gobe. Ba sai kin daina cin rogo ba, amma ki sani iri biyu ne. Akwai mai zaƙi, wanda muke dafawa mu ci da garin ƙuli-ƙuli, akwai kuma mai ɗaci, wanda ake nomawa domin garin kwaki da alabo. Mai ɗacin yana ɗauke da gubar sayanayid mai yawa, wadda ba ta raguwa yadda ya kamata sai an fere shi, an jiƙa shi kwanaki, ko an goge shi an matse, sannan a shanya ko a soya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutum zai shiga kasuwar Sabon Gari ya ga kashin da ya fi na kowa girma, ya biya yana murna, bai tambayi irin rogon ba, bai karya ko ɗaya ya duba cikinsa ba. Rogo yana fara lalacewa kwana 2 zuwa 3 bayan an tuge shi, saboda haka idan kin ga baƙaƙen jijiyoyi a ciki, ki ajiye wa masu sayarwa abinsu. Ki dafa a buɗaɗɗiyar tukunya, ki zubar da ruwan, kuma idan an ji ɗaci bayan ya nuna, a zubar da shi duka, kada a rufe ɗacin da yaji a miƙa wa yara.

Wani matashin manomi daga Giwa yana tambaya ko dankali zai biya shi. Zai biya, musamman mai launin ruwan lemo a ciki, wanda ke da sinadarin bitamin A kuma yake nuna cikin wata 3 zuwa 4. Ka tuntuɓi malaman gona na NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, kafin ka sayi iri, kuma ka riƙa rufe tsagar kunya da ƙasa, domin ta nan ƙwaro ke shiga.

Wani ɗalibi kuwa cewa ya yi ko abin kunya ne a gan shi yana cin rizga a cikin jami'a. Malam, kakanninka sun ci rizga da tumuku da gwaza sun yi noma har faɗuwar rana. Ka saya, ka wanke ta sosai, ka koma ga karatunka.