Amsa: fitsarin jini ga matashin da ke shan warfarin

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ƙaninki ɗan shekara 19, an sa masa bawul ɗin ƙarfe (ƙofar da ke hana jini komawa baya) a zuciya, yana shan warfarin, maganin tsinka jini, kwana biyu ke nan fitsarinsa ja kamar zoɓo ga ciwon kwiɓi, kina tambaya ko ya ajiye maganin. Allah Ya ba shi lafiya. Ku kai shi asibiti yau, kada ku jira ranar ganin likitansa.

Abin da za a fara aunawa shi ne INR, gwajin da ke nuna yadda jini ya tsinke. Mai bawul ɗin ƙarfe ana riƙe shi tsakanin 2 da 3, ko 2.5 da 3.5, gwargwadon bawul ɗin. In ya haura sosai, ƙoda na iya zubar da jini. Gudajin jini kan toshe hanyar da fitsari ke gangarowa mafitsara, ga dalilin ciwon kwiɓin. Wani lokaci jinin yana taruwa a kewayen ƙodar, ko ya cushe ƙananan hanyoyinta har aikinta ya ja baya. Don haka a haɗa da gwajin ƙoda, PCV (gwajin yawan jini) da sikanin. Jiri, gumi mai sanyi ko raguwar fitsari, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare.

Ki tambaye shi abin da ya sha a makonnin nan, nan ne galibi matsalar take. Flagyl, Septrin, Cipro da fluconazole suna hauhawar da INR cikin 'yan kwanaki. Diclofenac, ibuprofen da asfirin na kemis suna ƙara zubar jinin, suna kuma wahalar da ƙoda. Gudawa, zazzaɓi da rashin cin abinci su ma suna taɓa INR. Ku tafi da duk kwalayen magungunansa, har jiƙon gargajiya in akwai.

Kada ya ajiye maganin kwanaki da ra'ayin kansa: jini na iya daskarewa a kan bawul ɗin, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Likita ne zai ce a tsallake sha nawa, ko a ba da ɗan bitamin K, ko ruwan jini in zubar ta yi yawa.

Ko INR ya fito daidai, a nemi tushen jinin: tsargiya in yana wanka a rafi ko dam, tsakuwar ƙoda, ko jinin AS.