Man yis ba ya tasowa sama da kansa

Jiya ka tambaye ni: "Malam, me ya hana mu bar ruwan yis ɗin nan ya kwana, mu kwashe man a sama, kamar yadda mata ke yi wajen ƙuli-ƙuli?"

To ɗana, gyaɗa daban, yis daban. Wannan jan yis namu, Rhodotorula, a cikinsa yake ɓoye man. Mun ƙosar da shi da sukari, mun rage masa naitirojin, sinadarin da yake buƙata don ya hayayyafa, ya yi ƙiba kamar ragon turka, har mai kan wuce rabin nauyinsa in ya bushe. Sai ka fasa ƙwayar yis ɗin tukuna. Ko ka fasa, ɗigo-ɗigo man ke fita, ƙanana ainun, furotin ya lulluɓe kowanne, ruwan ya koma kamar madarar da manja ya taɓa. Bar shi sati, tsami kawai zai yi.

Shi ya sa muke ɗana masa tarko da abin da ke son mai, yana ƙin ruwa. Ɗauko audugar rimin can, jefa a kwano. Ka ga tana yawo a sama, ko jiƙa ba ta yi ba? Kaki ne a jikinta. Yanzu ɗiga mata mai. Nan take ta yi duhu, ta kwanta, don zarenta rami ne a ciki kamar bututu. Ta tumfafiya ma haka take, ga ta nan birjik a bayan garin Sakkwato ba mai kula ta. Masu kuɗi kan sayi ƙwayoyin roba irin Amberlite XAD don wannan aikin.

Audugar za ka sa a bututun gilashi ka zuba ruwan yis ɗin ta ciki, amma kada ka danƙare ta, ruwa zai rasa hanya. Kuma a hankali ake zubawa. In ka yi gaggawa man ya wuce da ruwan, ka yi aikin banza.

Kamawa ba wuya, saki ne aiki. Na taɓa gwada gawayi, ya riƙe man da launinsa duka, da ƙyar na ƙwato kaɗan. Auduga kuwa matsewa za ka yi, ka wanke saura da hegzen, wani ruwan sinadari mai narkar da mai da saurin kama wuta, ka ɗumama. A digiri 69 yake tafasa ya bar maka mai.

Zafin Afrilu a nan yana haura digiri 40, don haka rufe kwalbar hegzen da kyau, kuma kada in ga ashana a ɗakin nan.